Makaɗa saba'in a cikin rami: me suke ƙara wa rawar bale?

Tambaya: "Assalamu alaikum, Malam. Ina karatu a Ingila, kuma a bana sau biyu na je kallon rawar bale, rawar dandamalin nan ta Turawa. Na farko a wani ƙaramin zaure ne, aka saka kiɗan da aka naɗa a lasifika. Na biyu a wani babban gidan wasa ne a Landan, inda makaɗa kusan saba'in suka zauna a wani rami gaban dandamali, ba a ma ganinsu sosai. Kuɗin tikitin na biyu ya ninka na farko har sau uku. Gaskiya a kunnena kiɗan faifan ya fi fita tas, babu kuskure ko ɗaya. Shin makaɗan nan suna ƙara wa rawar wani abu ne, ko kuwa ado ne kawai da kashe kuɗi?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kunnenki bai yaudare ki ba. Kiɗan faifai ya fi fita tas, domin a ɗakin naɗar sauti ana maimaita wuri guda sau da yawa, a zaɓi wanda ya fi kyau, a harhaɗa har ya zama kamar a zama ɗaya aka kaɗa shi. Makaɗan rami ba su da wannan dama. Mai busa ƙaho zai iya goce wa sauti, kuma duk zauren zai ji. In na fahimce ki, abin da kike son sani shi ne, tunda faifai ya fi tsabta kuma ya fi araha, me mutum yake saya da ƙarin kuɗin nan? Yana sayen kiɗan da ke da ido ne. Faifai ba ya ganin mai rawa. Makaɗa kuwa, ta hannun jagoransu, suna ganinta, suna jiranta, wani lokaci ma su ɗan ingiza ta gaba.

Ya kamata ki san inda na tsaya kafin mu yi nisa. Ni makaɗi ne. Na yi shekaru ina kaɗa fiyano a ɗakin da 'yan rawa ke atisaye kowace safiya, na kuma zauna a irin ramin da kika gani a wasanni da dama. Ina da ɓangare a wannan magana, kuma daga kujerar makaɗi nake kallonta, ba daga jikin mai rawa ko ofishin mai biyan albashi ba. Ki riƙe wannan a ranki yayin da kike auna abin da zan faɗa.

Da ganin juna aka gina ta

Bale ta taso ne a fadojin Italiya a ƙarni na 15, daga nan ta ƙaura Faransa, inda Sarki Louis na 14, wanda shi kansa ɗan rawa ne, ya kafa cibiyar rawa ta sarauta a 1661. Malamin rawa na wancan zamani yakan riƙe wani ɗan ƙaramin goge mai shiga aljihun riga, yana koyar da taku yana gogawa da kansa. Har a ƙarni na 19, a manyan gidajen wasa na Faransa da Rasha, da goge ɗaya ko biyu ake yin atisaye kafin fiyano ta karɓi aikin. Wato duk manyan wasannin nan na da da ake maimaitawa har yau, an tsara su ne a lokacin da babu wanda ya taɓa tunanin za a yi rawa ba tare da wani mutum yana zaune yana kaɗawa yana kallo ba.

Dubi yadda aka haifi Sleeping Beauty, wasan gimbiyar da ta yi barcin shekara ɗari, wanda aka fara nunawa a gidan wasan Mariinsky da ke St. Petersburg a 1890. Marius Petipa, mai tsara rawar, ya rubuta wa Tchaikovsky, mai tsara kiɗan, cikakken umarni kafin a rubuta kiɗan: abin da ke faruwa a kowane wuri, yawan gaɓoɓin kiɗan da ake buƙata, irin bugun, da saurinsa. Kamar tela ne aka ba shi awo kafin ya yanka yadi. Shekara hamsin bayan haka, da za a nuna Romeo da Juliet mai kiɗan Prokofiev a wannan birni a 1940, 'yan rawa suka yi ƙorafin cewa akwai wuraren da ba sa jin kiɗan idan suna can ƙuryar dandamali, sai da aka ƙara wa waɗannan wurare kauri. Kiɗan bale tun asali abu ne da ake ja ana sassautawa a jikin mutum mai rai.

Bahaushe ya san wannan ba sai an yi masa dogon bayani ba. Mai kalangu a wurin biki ba ƙasa yake kallo ba, ƙafar mai rawa yake kallo. In ta ɗauki zafi ya matse kalangu ya bi ta, in ta ja baya ya sassauta. Makaɗin dambe yana karanta jikin ɗan dambe kafin ya canja take. Muna cewa in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, amma duk wanda ya tsaya kusa da gwanin makaɗi ya san abin yana tafiya ta ɗaya hannun ma, rawa kan sauya kiɗa. Wanda ya halarci bikin da aka kira makaɗa da wanda aka kira DJ ya riga ya ɗanɗana bambancin da kike tambaya a kai.

Abin da jagora ke yi da sandarsa

Yawancin makaɗan da ke cikin ramin ba sa ganin dandamali. Takardar kiɗa ce a gabansu, sai kuma sandar jagora. Mutum ɗaya ne kawai ke ganin ɓangarorin biyu: jagoran, wanda ke tsaye a kan ɗan akwati ya juya wa 'yan kallo baya, kansa daidai da bakin dandamali. Aikinsa yana farawa ne makonni kafin ranar wasa. Yakan zo ɗakin atisaye ya zauna kusa da mai fiyano da fensir a hannu. Babban wasa yakan samu 'yan rawa uku, huɗu ko fiye da ke karɓa-karɓa a matsayi ɗaya, kowace da darenta. Wannan doguwa ce, tana buƙatar lokaci kafin ƙafarta ta kai inda za ta kai. Waccan gajeriya ce mai zafin nama, in aka ja mata kiɗa sai ta rasa abin yi da ragowar lokacin. Jagora yana rubuta duk wannan a gefen takardarsa, kuma kiɗa ɗaya yakan fita da fuska dabam-dabam a mako guda.

Bari in ba ki misali daga aikina na kullum, don a nan na fara gane abin. A ƙarshen ajin safe ana yin manyan tsalle-tsalle daga wannan kusurwa zuwa waccan. Mata su wuce, sai maza su biyo da taku iri ɗaya. Da zarar maza sun shigo nakan rage sauri kaɗan, domin sun fi tashi sama, saboda haka sun fi daɗewa a iska. Tsalle mafi tsayi bai kai daƙiƙa ɗaya ba, kuma da zarar ƙafa ta bar ƙasa mutum ba shi da ikon ƙara ko rage lokacin saukarsa. Idan ban rage saurin ba, ɗayan biyu ne zai faru. Ko ya sauka bayan bugun ya wuce, kowa ya ga ya makara, ko kuma ya rage tsayin tsallensa don ya sauka daidai. Ƙwararre na biyun zai zaɓa, kuma shi ne ya fi damuna, domin mai kallo ba zai taɓa sanin an rage masa wani abu ba. Zai ga rawa mai tsabta, komai a kan lokaci, ya tafi gida bai san akwai wani tsalle da ya fi wannan da aka bari a ɗakin atisaye ba.

Wannan ita ce babbar asarar da faifai ke jawowa, kuma asara ce marar ƙara. Mai rawa da ta san kiɗa ba zai jira ta ba takan yi rawar tsira. Tana yin abin da ta tabbata za ta gama a cikin lokacin da aka yanka mata, ko da a daren nan jikinta na iya fin haka.

A cikin Sleeping Beauty akwai wurin da gimbiya Aurora ke rawa da 'ya'yan sarakuna huɗu masu neman aurenta. Tana tsaye a kan tsinin yatsun ƙafa ɗaya, ɗaya ƙafar a ɗage a baya. Ɗan sarki na farko ya riƙe hannunta, sai ta sake shi ta ɗaga hannuwa sama, ta tsaya ita kaɗai ba mai riƙe da ita, kafin ta miƙa hannu ga na biyu, haka har na huɗu. Babu wanda ya san tsawon lokacin da za ta iya tsayawa, har ita kanta. Wani dare daidaiton jiki ya zo mata, ta tsaya cak kamar an kafa ta. Wani dare tun sakin hannu ta ji tana karkata. Jagora yana kallon wuyan hannunta da kafaɗarta. In ya ga ta samu tsayuwa, sai ya buɗe kiɗan ya bar sautin ya cika, ya ba ta sarari. In ya ga tana neman hannu, sai ya matso da bugu na gaba don kamun ya faɗo a kan kiɗa, ya zama kamar da ma haka aka tsara. Da faifai, tsayuwar da ta yi tsawo makara ce, wadda ta yi gajarta kuma giɓi ce.

Haka juyin nan talatin da biyu a kan ƙafa ɗaya da ake yi a wasan Swan Lake, wanda ya shiga wasan ta hanyar 'yar rawar Italiya Pierina Legnani a 1895. 'Yan rawan yau da yawa sukan cusa juyi biyu ko uku a inda ake yin ɗaya, kuma kowace da saurin da jikinta ke juyawa a kai. Bambancin da ake magana a kai ɗan kaɗan ne, mai kallo ba zai iya auna shi ba, amma ga wadda ke juyawa shi ne tsakanin gamawa a tsaye da gangarawa gefen dandamali.

Na taɓa ganin amfanin wannan a wani dare da ba na mantawa. Muna wasan Nutcracker, ina zaune a gaban celesta, wata ƙaramar na'ura mai kama da fiyano wadda sautinta ke fita kamar ƙananan ƙararrawa. Ana saura kaɗan a ɗaga labule aka ce babbar 'yar rawar ta ji ciwo, wata matashiya za ta maye gurbinta, kuma jagora bai taɓa atisaye da ita ba. Rawar da take yi ita kaɗai kusan duk a kan kayan kiɗana take. Ba na ganinta, hannun hagun jagora kawai nake gani. Da farko ya riƙe ni a hankali fiye da yadda muka saba, na gane tana ɗari-ɗari. Can tsakiya sai na ga hannun ya fara sakewa, muka ƙara sauri kaɗan-kaɗan har muka koma inda muka saba. Ban ga takunta ko ɗaya ba, amma ta hannun nan na san daidai lokacin da tsoro ya sake ta. Na kuma ga kishiyar haka a wata tafiya da wata ƙaramar ƙungiya da ke amfani da faifai. Daɓen zauren yana da santsi, wata yarinya ta zame a tsakiyar rawarta. Kafin ta miƙe kiɗa ya yi gaba abinsa, dole ta yar da taku da yawa ta ruga ta tarye shi. Faɗuwar ba ta ɓata rawar kamar yadda gudun ya ɓata ta ba.

Shi kansa sautin

Akwai kuma abin da kunne ke samu, ko da yake a wurina wannan na biyu ne. Kafin a fara wasa za ki ji wata sarewa ta ba da sauti ɗaya, sauran duka su daidaita kayansu a kai. Obo ke nan, 'yar'uwar algaitarmu ce, su biyun ta tagwayen siraran ɓawon kara ake busa su. Ita ce ke ɗauke da sanannen karin nan mai ban tausayi na Swan Lake. A zaure, sautinta yana fitowa daga wuri guda a cikin ramin, gogaye daga wani gefe, ƙahoni daga wani, ganguna kuma ki ji su a ƙirjinki da katakon da ke ƙarƙashin ƙafarki. Lasifika tana tattara duk wannan ta fitar ta baki ɗaya ko biyu. Inda bambancin ya fi fitowa shi ne wuraren da kiɗa ya yi ƙasa sosai. A rawar masoya biyu ta bakin tafki a wannan wasa, goge ɗaya ne ke magana, daga baya babban goge mai kaurin murya da ake kira celo ya amsa masa. Mutum ɗaya ke jan baka a kan tsirkiya, yana sassautawa inda mai rawa ke kwantawa a hannun abokinta, zauren mutum dubu biyu kuma ya yi tsit don ya ji. Wannan shirun wani ɓangare ne na abin da kika biya.

Inda ba zan yi gardama ba

Ba kowane kiɗan kai tsaye ne ya fi faifai ba. Na zauna a ramin da aka ba mu atisaye ɗaya tak saboda tsimin kuɗi, kuma abin da muka kaɗa a daren farko bai taimaki kowa ba. Akwai kuma jagoran da ke wuce gona da iri wajen bin 'yan rawa, ya ja kiɗa ya ja har ya fita daga kamanninsa, don kawai wata ta nuna tsawon tsayuwarta. Wannan cin amanar wanda ya rubuta kiɗan ne. George Balanchine, wanda ya kafa New York City Ballet tare da Lincoln Kirstein a 1948, kuma shi kansa ya yi karatun kiɗa mai zurfi, an san shi da son a kaɗa kiɗa da saurinsa na asali, 'yan rawa su ƙoƙarta su kai. A irin ayyukansa jagora ba bara ba ne, shi ke ja. Duk da haka bai koma ga faifai ba, kamfaninsa na da makaɗansa na dindindin, domin jan da mutum ke yi yana kallonka dabam yake da jan na'ura.

Akwai kuma ayyukan da tun farko don sautin na'ura aka yi su. William Forsythe ya tsara wata rawa a Faris a 1987 a kan kiɗan lantarki na Thom Willems, mai tsananin ƙarfi da kaifi, kuma rashin sassaucin sautin yana cikin ma'anar rawar. Kawo gogaye a nan ɓata aiki ne.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce tushen komai. Makaɗa sittin ko saba'in kowa da haƙƙinsa a kowane wasa da kowane atisaye, ga jagora, ga hayar takardun kiɗa, in tafiya ce ga mota da masauki. Kamfanoni da yawa, musamman a Amurka inda tallafin gwamnati ba shi da yawa, sun sha ajiye makaɗa idan aljihu ya yi zafi. Har New York City Ballet ta yi wasannin Nutcracker da faifai a ƙarshen 1999 lokacin da makaɗanta suka shiga yajin aiki. Manyan gidaje irin na Landan, Faris da Mosko suna iya ɗaukar nauyin ne saboda makaɗan gidan suna yi wa opera, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa da waƙa, da bale aiki tare. A nahiyarmu gidan opera na Alkahira, wanda aka buɗe a 1988, yana da 'yan rawan bale da makaɗa a ƙarƙashin rufi ɗaya. Amma yaran da ke koyon bale a unguwannin Legas ko Nairobi ba za su zauna jiran a kafa musu okestira, wato babbar ƙungiyar makaɗa, ba, kuma zan zama marar adalci in raina faifan da ya buɗe musu ƙofa. Ƙaramin zauren da kika fara zuwa ma, mai yiwuwa zaɓin da ke gabansu faifai ne ko rufe ƙofa.

Idan kuɗi bai kai saba'in ba

Kuskuren da na fi gani shi ne a ɗauka hanya biyu ce kawai, cikakkiyar okestira ko faifai. Akwai tsakiya mai faɗi. An sake rubuta yawancin manyan wasannin nan don makaɗa ashirin zuwa talatin, wasu ma ƙasa da haka. Sautin yakan rage kauri, amma idon yana nan. Ana iya haɗa kai da ɗaliban makarantar kiɗa a ƙarƙashin gogaggen jagora. Ana iya zaɓar ayyukan da tun asali ba su buƙatar taro: Jerome Robbins ya tsara rawa ta kusan awa guda a 1969 a kan kiɗan Chopin, da fiyano ɗaya tak. Idan kuma dole sai faifai, gara kamfani ya naɗi nasa da jagoran da ya san 'yan rawansa, domin faifan kasuwa galibi don saurare aka yi shi, saurinsa ba na ƙafa ba ne. Wasu sukan gyara saurin a kwamfuta su ajiye kwafi biyu ko uku, kowace 'yar rawa da nata. Wannan yana rage matsalar tsayi da gajarta, amma an yanke shawarar tun da rana, alhali jiki da daddare yake faɗin abin da zai iya. In ni aka tambaya a kan tsofaffin wasannin nan, zan ɗauki fiyano ɗaya da mutum a gabanta a kan faifan makaɗa ɗari. Na san 'yan kallo da yawa ba za su yarda da ni ba, don sun zo ne su ji cikar sauti, kuma haƙƙinsu ne.

Shawarata gare ki ita ce ki gwada da idonki, tunda gani ya kori ji. Manyan gidajen wasa suna sayar da kujeru masu sauƙin kuɗi a can sama ta gefe, inda ba a ganin wani yanki na dandamali amma ana ganin cikin ramin sarai. Ki samu ɗaya daga cikinsu, ki zaɓi wasa ɗaya ki kalle shi sau biyu a darare biyu da 'yan rawa dabam. Idan aka zo wurin da mutum ɗaya ke rawa shi kaɗai, ki ɗauke ido daga dandamali na ɗan lokaci ki dubi jagora. Za ki ga kansa a ɗage, ba takarda yake kallo ba. Ki lura da ƙarshen rawar, lokacin da mai rawa ke gama juyinta na ƙarshe: sandarsa takan tsaya a sama tana jira, ba ta saukowa sai ƙafar ta taɓa ƙasa.